Kafin a Kafa Dokar Shara, a Fara Yin Lissafi

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan shara ta fuskar kuɗi. Ni malamin tattalin arziki ne, kuma abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, duk lokacin da aka tashi wannan magana sai a tsaya ga wa'azin tsafta. Tsafta kam babu mai ja da ita. Amma mutum yana rage zubar da abu ne idan zubarwar na taɓa masa aljihu, kuma a mafi yawan birane ba ta taɓawa. Gidan da ya fitar da buhu ɗaya da wanda ya fitar da goma duk biyansu ɗaya. To me zai sa wani ya rage?

Rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ce biranen duniya sun tara shara tan biliyan 2.01 a 2016, kuma za ta kai tan biliyan 3.4 a 2050. A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, shara na lashe kusan kashi 20 cikin 100 na kasafin hukumomin birane, duk da haka fiye da kashi 90 nata a juji take ƙarewa ko a cinna mata wuta.

Maganin da ya fi saurin zuwa bakin masana shi ne kowa ya biya gwargwadon abin da ya zubar. Koriya ta Kudu ta fara haka a 1995: ba a kwashe sharar gida sai a cikin wata leda ta musamman da ake saya, kuma sharar ta ragu. Sai dai akwai binciken da nake so masu tsara doka su sani. A garin Charlottesville na Amurka, da aka sa kuɗi a kan kowace jaka, masana tattalin arziki Don Fullerton da Thomas Kinnaman sun bi gida-gida suna auna shara kafin dokar da bayanta. Girman sharar ya ragu da kashi 37, amma nauyinta da kashi 14 kacal. Ashe mutane dannawa suke yi, su cusa sharar jaka biyu a cikin ɗaya. Wani kason kuma ya ɓace, ba a gan shi a kwandon shara ba, ba a gan shi a kayan sake sarrafawa ba, har masu binciken suka yi zargin a ɓoye ake zubar da shi. Inda babu mai sa ido, irin wannan doka magudanar ruwa za ta cika da dare, kuma talaka mai iyali da yawa shi zai fi ji a jikinsa.

Shi ya sa na fi karkata ga kuɗin ajiya. A Jamus, tun 2003 ana ƙara kuɗi a kan gwangwani da gorar roba, yanzu santi 25 na Yuro ne. Ka sha, ka kai kanti, ka zura a na'ura, ta ba ka takardar kuɗinka. Fiye da kashi 90 na dawowa. Ba a buƙatar ɗan sanda, domin ko mai saye ya yar, wani zai tsinta ya karɓi kuɗin.

Kada kuma a ruɗe mu da cewa sake sarrafawa na biyan kanta. Ga alminiyam haka ne, tunda narka tsoho na ceton kusan kashi 95 na makamashin da ake ƙonawa wajen yin sabo. Shi ya sa masu tsince-tsince ba sa barin gwangwani ya kwana a bola. Roba kuwa labarinta daban. Ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da ci gaban ƙasashe ta OECD ta ce kashi 9 kawai na sharar roba ake sake sarrafawa a duniya, saboda sabuwar roba daga man fetur tana da arha. Da Sin ta rufe ƙofarta ga sharar roba a 2018, wasu garuruwan Amurka sun koma binne ko ƙona abin da jama'a suka wahala wajen warewa. A ganina, kamfanin da ya zaɓi naɗe hajarsa da roba shi ya kamata ya biya kuɗin kwashe ta, kamar yadda Jamus ta shar'anta tun 1991.

Kusan kashi 44 na sharar duniya ragowar abinci ne da ganyaye. Shi ke wari, shi ke da nauyi a motar shara, shi ke jiƙa takarda da kwali har su rasa mai saye. Ware jiƙaƙƙe da busasshe tun daga gida ya fi sayo manyan injuna arha nesa ba kusa ba.

Roƙona ga jami'o'i shi ne su tura ɗalibai da sikeli da safar hannu su auna abin da gidaje ke zubarwa. Ku kuma 'yan jarida, duk hukumar da ta zo da sabuwar doka ku tambaye ta nawa take kashewa a kan kowane tan, kuma daga aljihun wa kuɗin zai fito.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin tattalin arziki