Sakin linzami ba shi ne maganin kalaman ƙiyayya ba

Zuwa ga Edita,

Na rubuto ne game da matakin da kamfanin Meta ya sanar a Janairun 2025, na sassauta dokokin kalaman ƙiyayya a Facebook da Instagram da sunan 'yancin faɗin albarkacin baki.

Gaskiya ne akan goge rubutu bisa kuskure, amma sakin linzami ba magani ba ne. A 2021, da Bukayo Saka, ɗan ƙwallon Ingila baƙar fata, ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na Kofin Ƙasashen Turai, an cika shafinsa da hotunan birai, alhali dokokin ba su yi sako-sako haka ba tukuna.

Ya kamata kamfanin ya ƙara ɗaukar masu tantancewa waɗanda suka san harsuna da habaicinsu, ya kuma riƙa bayyana dalilin goge kowane rubutu.

Naku,
Mai karatu daga Kano