Na Ƙetare Kogin Ohio da Ƙafata

Mutumina,

Assalamu alaikum. Kafin ka fara mitar na yi shiru, ga albishir: jiya Asabar na ƙetare kogin Ohio da ƙafata, ba sanda, ba mai riƙe ni. Wata huɗu ke nan da yi min aikin gwiwa, ka kuwa san yadda hankalina ya tashi lokacin. Alhamdu lillahi.

Gadar da na bi asalinta ta jirgin ƙasa ce, Big Four ake ce mata, ta haɗa garin Louisville na jihar Kentucky da garin Jeffersonville na jihar Indiyana, a nan Amurka. An gama ta a 1895, aka sake gina ta a 1929. Da jirage suka daina bi, sai aka rushe mahawanta ta gefe biyu, aka bar gangar jikin tsaye kan ruwa, ba shiga ba fita. Sai a 2013 aka buɗe ta ga masu tafiya a ƙasa da 'yan keke.

Ta ɓangarenmu na Louisville mahawar zagaye take kamar dodon koɗi, a nan na fi jin gwiwar. Amma da na kai sama na manta. Ƙarafa ne a sarƙe bisa kaina, kawunan ƙusoshi jere kamar carbi. Na dafa ɗaya, sanyi ƙalau. Yara na wuce ni a keke suna kaɗa ƙararrawa, can ƙasa jirgin ruwa na tura manyan kwale-kwalen kaya a hankali. Sai na tuna ma'aikata 37 ne suka rasu wajen gina ta, mafi yawansu a Disambar 1893 da iska ta kayar da wani sashe. Jikina ya yi sanyi, na jima a tsaye.

Mita 770 ce, ban da mahawa. Kai da ko masallacin layinku sai a kan babur, ina ka iya!

Af, da gaske ne ƙanenka ya kai kuɗin gaisuwa gidan Malam? Ba wanda ya sanar da ni, sai a bakin uwargida na ji. Ka gaya wa Baba ban manta da saƙonsa ba, kabarin ɗan dambe Muhammad Ali yana nan cikin Louisville, zan je in yi masa addu'a. Da na ce sai ƙafa ta warke, to ga shi ta warke.

Gobe bayan la'asar zan koma gadar, ina so in ga an kunna mata fitilu. Ka gaida amarya.

Naka har kullum