Wasiƙa zuwa ga aminina mai shirin tafiya Kalkata

Aminina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, tare da fatan kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma nan lafiya lau, alhamdulillahi.

Saƙonka ya iso, na ga karatu zai kai ka Kalkata bayan salla. Allah ya sa a je a sa'a. Tunda can ka nufa, bari in ba ka labarin wata 'yar garin, Madhabi Mukherjee, wadda finafinanta suka tsaya min a rai. Mu dai in aka ce fim ɗin Indiya, na Bombay muka sani, rawa da waƙa da faɗa. 'Yan Bengal, yankin da Kalkata take, nasu salon daban ne, cikin harshensu suke yi, kuma wannan baiwar Allah tana cikin waɗanda suka ɗaga shi.

A 1942 aka haife ta. Tun tana ƙarama ta fara hawa dandamalin wasan kwaikwayo, ta goge a hannun manya irin su Sisir Bhaduri da Chhabi Biswas. Darakta Mrinal Sen ya sa ta jaruma a fim ɗin Baishey Shravana a 1960, Ritwik Ghatak ma ya ɗauke ta a Subarnarekha. Amma inda ta kama ni sosai shi ne a hannun darakta Satyajit Ray.

A Mahanagar na 1963 ta fito a matsayin Arati, matar wani ma'aikacin banki da albashinsa ba ya kai su ƙarshen wata, ga iyayensa tsofaffi a gidan, ga ƙanwarsa, ga ɗansu. Sai ta fita neman aiki, ta samu na tallar injin saƙa gida-gida. Surukinta ya ji abin kamar an tozarta shi. Akwai wurin da ta karɓi albashinta na farko, ta keɓe gaban madubi riƙe da kuɗin, tana kallon kanta. Ba ta ce uffan ba, amma murna da kunya da mamakin kanta duk ka gan su a fuskarta. Abokiyar aikinta Edith ta ba ta jan-baki, takan shafa a waje, ta goge kafin ta shiga gida. Wallahi na san mata irin Arati a unguwarmu, kai ma ka san su. Daga baya bankin mijin ya durƙushe, ita kaɗai ke riƙe da gida, amma da maigidan kamfanin ya kori Edith bisa zalunci, ta ajiye aikin. Na jinjina wa wannan zuciya.

Shekara ta zagayo ta yi Charulata, daga wani labarin marubuci Rabindranath Tagore. Nan kuma matar mai hali ce, miji ya duƙufa kan jaridarsa ya bar ta da kaɗaici. A farkon fim ɗin tana bin tagogi ɗaya bayan ɗaya da madubin hangen nesa tana leƙen masu wucewa, kusan babu magana. Finafinan nan biyu sun ciyo wa Ray kyautar gwarzon darakta a bikin finafinai na Berlin, a 1964 da 1965. A ganina rabin yabon nata ne. Tata kyautar, ta gwarzuwar jaruma ta ƙasar Indiya, ta zo ne da Dibratrir Kabya.

Ta taɓa siyasa ma. A 2001 ta yi takara a mazaɓar Jadavpur da Buddhadeb Bhattacharjee, babban ministan Bengal ta Yamma na lokacin, ba ta yi nasara ba.

Ga roƙona. Ta rubuta tarihin rayuwarta, Ami Madhabi. In ka sauka ka huta, ka leƙa College Street wurin masu sayar da littattafai ka tambaya min ko akwai fassararsa ta Turanci. Kuma kafin ka tashi, ku zauna kai da uwargida ku kalli Mahanagar, ina son jin abin da za ta ce kan ajiye aikin nan.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka har kullum,
Amininka