Yarona na son shiga sahun ƙwararru a wasan hoki, amma na san abin da yake ɓoyewa

Assalamu alaikum Anti. Ina fatan kina lafiya, ya aiki, ya iyali? Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri kan yadda kike warware wa mutane damuwa a wannan fili.

Daga Edmonton ta ƙasar Kanada nake rubuto miki. Ni 'yar Zariya ce, mun zo nan da maigida a shekarar 2009, da ɗanmu na fari yana ɗan shekara uku. Kin san ɗan fari, ba zan iya kama sunansa ba, don haka zan riƙa cewa yaron. Bana zai cika ashirin. Kafin 1 ga watan Yuni dole ne ya yanke wata shawara da za ta juya rayuwarsa, gidanmu kuwa ya rabu uku a kanta: shi da nasa ra'ayin, babansa da nasa, ni kuma ina zaune da wata magana a ciki da ta hana ni barci.

Na san wasan hokin ƙanƙara baƙo ne a wajenmu, sai ki yi haƙuri in ɗan yi bayani. Ana yin sa ne a kan daskararren ruwa, da takalmi mai ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa, kowa riƙe da sanda, ana bin wani ɗan faifan baƙar roba mai tauri kamar dutse. Mutum shida kowane ɓangare har da mai tsaron raga. An halatta ka bangaje mutum ka haɗa shi da bango in faifan yana wajensa. Yadda ƙwallon ƙafa take a Kano ko Kaduna, haka hoki yake a nan, har ma ya fi. Wata maƙwabciyarmu ce ta ba yaron tsofaffin takalman ɗanta yana shekara shida, ya fara zamewa a filin ƙanƙarar unguwa. Na ɗauka wasan yara ne, sanyi zai kore shi. Sanyin bai kore shi ba, ni ya kora. Shekara da shekaru ina tashi kafin asuba in kai shi atisaye, in zauna a mota da shayi a fulas, wani lokacin sanyi ya kai 30 ƙasa da sifili, daga nan in wuce gidan kula da tsofaffi inda nake aiki. Warin jakar kayansa kuwa, Anti, ba a magana. A gareji take kwana har yau.

Yana shekara goma sha shida, a 2022, ya bar gida. Wata ƙungiya a gasar matasa ta yammacin Kanada, WHL, ta ɗauke shi, suka sauke shi a gidan wasu Turawa da ke riƙon 'yan wasa. Mutanen kirki ne, matar har nama na halal take nemo masa daga wani gari, Allah ya saka mata. Kakar wasa huɗu ya yi a can, wasa 68 kowace kaka ban da na ƙarshen shekara, yawancin tafiyar a bas cikin dare da dusar ƙanƙara. Tun haɗarin bas ɗin ƙungiyar hokin matasa ta garin Humboldt a 2018, wanda mutum 16 suka rasu, ba na iya runtsawa in na san suna hanya sai ya turo mini saƙo sun sauka. Baya yake tsarewa. A watan Yunin 2024, a zaɓen matasa da babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, NHL, ta yi a Las Vegas, wata ƙungiya ta kira sunansa a zagaye na shida cikin bakwai. A zaɓen nan ne aka ɗauki ɗan Jarome Iginla a matsayi na 6 gaba ɗaya. Iginla ɗin nan babansa ɗan Najeriya ne, a nan Edmonton aka haife shi, ya ci ƙwallo 625 a NHL, kuma hotonsa ne manne a ɗakin yaron tun yana firamare. Ranar nan maigida kuka ya yi, ni ma na taya shi.

To ga inda gizo ke saƙa. Kiran suna a zaɓe ba ɗaukar aiki ba ne, kamun wuri ne kawai. Wakilin yaron ya yi mana bayani cewa shekara biyu ƙungiyar ke da ita ta ba shi kwantiragi, wa'adin kuma 1 ga Yunin bana, 2026, yake cika. Makonni uku da suka wuce suka aiko da takarda: kwantiragin shekara uku irin na sababbin shiga. Maigida ya ga adadin da ke saman takardar, sama da dala dubu 700 a shekara, kafin magariba labari ya isa Tudun Wada. Ƙanwarsa har ta kira tana tambayar ko yaron zai kai su Umara. Abin da bai tsaya ya karanta ba shi ne, farashi biyu ne a takardar. Wancan babban kuɗin sai ranar da yake cikin ƙungiyar NHL ɗin kanta. In suka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta gasar AHL da ke ƙasa da NHL, wanda wakilin ya ce nan zai fara ba makawa, albashin bai kai dala dubu 100 ba, ga haraji, ga kuɗin haya, ga kason wakili. In can ma bai samu gurbi ba, akwai wata gasar a ƙasa da ita, ECHL. Ba na raina kuɗin, ya fi abin da nake samu. Amma ba shi ne abin da ake ta guɗa a kansa a gida ba.

Yaron ya ce ya gama da wasan yara. Hujjarsa, kuma ba zan ce ba ta da ƙarfi ba, ita ce in ya koma WHL bana zai zama cikin 'yan shekara ashirin ɗin nan da ba a yarda ƙungiya ta riƙe fiye da uku ba, yana bangazar yara 'yan sha shida da sha bakwai. Ya ce babu abin da zai koya a nan sai lalaci, domin in kana fin kowa ƙarfi ba ka koyon sauri. Ya ce ɗan zagaye na shida ba a ba shi dama sau biyu, in ƙofa ta buɗe shiga ake yi. Da na ce masa sauri ya haifi nawa, sai ya yi dariya ya ce, "Umma, shekara goma sha huɗu nake wannan saurin."

Ni kuwa na taɓa zuwa kallon wasan AHL sau ɗaya a Calgary, na zauna kusa da gilashin da ya zagaye filin. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Waɗannan ba yara ba ne, Anti. Magidanta ne masu gemu, wasu sun haura talatin, da wannan wasan suke ciyar da 'ya'yansu, kuma duk sabon yaron da ya zo abincinsu ya zo ƙwata. Na ga an haɗa wani da bango a gabana, gilashin ya yi wata ƙara har cikin haƙorana na ji. Yarona dogo ne amma har yanzu jikin samari gare shi, kafaɗarsa ba ta gama cika ba. Kocinsa na yanzu ma, da na matsa masa, cewa ya yi ƙafarsa da kansa sun isa, jikin ne yake buƙatar shekara guda ko biyu.

Akwai hanya ta uku, wadda da can ba ta nan. Shekaru da yawa duk yaron da ya buga manyan gasannin matasa na Kanada irin WHL, jami'o'in Amurka ba sa karɓarsa a wasa, suna ɗaukarsa ƙwararre. A watan Nuwamban 2024 suka canza dokar, ta fara aiki a Agustan 2025. Har Gavin McKenna, wanda ake ganin ya fi duk sa'o'insa, ya bar ƙungiyar Medicine Hat ta WHL ya koma jami'ar Penn State. Jami'o'i biyu sun tuntuɓi yaron. Can wasan bai cika wuce 40 ba a kaka, galibi Juma'a da Asabar, sauran kwanakin karatu da ɗaga ƙarfe, fuska a rufe gaba ɗaya da raga, wanda ya yi dambe kuma a kore shi daga wasan. Ban da wannan, WHL tana biya wa yaro kuɗin makaranta da littattafai na shekara guda a kan kowace kaka da ya buga, nasa ya taru shekara huɗu. Ranar da ya sa hannu a takardar NHL, wannan tallafin ya tafi, ƙofar jami'o'in Amurka ma ta rufe. Sa hannu ɗaya, ƙofa biyu. Shi kuma cewa yake in ya ƙi sa hannu ƙungiyar za ta iya sakinsa, ya wayi gari babu mai riƙe da shi. Gaba kura baya sayaki.

Duk wannan da na zayyano, da shi kaɗai ne da ban dame ki ba, da na bar su shi da babansa su ƙarata. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne.

Cikin watan azumi, ƙarshen Fabrairu, ina kallon wasansu a waya bayan na sha ruwa, aka buge shi ta gefen da bai gani ba, kansa ya daki gilashi. Ya tashi, ya girgiza kai, ya ci gaba da wasa. Na kira shi da dare ya ce lafiya lau. Da aka fitar da su a watan Afrilu ya dawo gida, sai na fara lura. Yaron da ke cika gida da surutu ya koma zama a ɗaki, labule a sauke, fitila a kashe da rana tsaka. Ƙannensa suka kunna talabijin ya daka musu tsawa, abin da bai taɓa yi ba. Na aike shi kanti ya sayo abu uku, ya dawo da ɗaya yana tambayata sauran. Rannan ina gyara gadonsa na tsinci kwalbar maganin ciwon kai a ƙarƙashin filo, saura ƙwaya kaɗan. Aikina kula da tsofaffi ne, na san yadda mutum yake in kansa ba daidai ba. Na rufe ƙofa na zaunar da shi. Da farko ya musa, daga baya ya sunkuyar da kai ya ce tun bugun nan kansa ke sarawa, haske na damunsa, amma yana raguwa. Bai gaya wa likitan ƙungiya ba don ya san za a ajiye shi a benci daidai lokacin da masu sa ido daga NHL ke zuwa kallonsa. Ya kama hannuna ya ce, "Umma, don Allah kar Abba ya ji, kar kowa ya ji, sai na sa hannu. Bayan nan duk likitan da kika ce zan je."

Ban yi masa alkawari ba, amma ban kuma faɗa wa kowa ba. Yau kwana goma sha ɗaya ke nan. Maigida direban babbar mota ne, yana hanya mako biyu biyu, in ya kira sai zancen ranar sa hannu da irin rigar da zai sa. Mutumin nan ya yi shekaru yana ƙarin tafiye-tafiye don sandunan da yaron ke karyawa, guda ɗaya kan kai dala 300. Ban san yadda zan kalle shi in ce a dakata ba. Kuma na san halinsa, in ya ji zai iya cewa ciwon kai ne kawai, namiji ai da haƙuri aka san shi, ya goyi bayan yaron, in zama ni kaɗai ce mai hana ruwa gudu. Abin da na sani daga wajen aikina shi ne ƙwaƙwalwar da ta girgizu ba ta gama warkewa ba, in aka sake bugunta, na biyun ya fi na farkon muni nesa ba kusa ba. A watan Satumba kuma za a kira shi sansanin atisaye da waɗancan magidantan.

Mu aka raina da cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Amma a wannan wasan shi ne ya sani, ni ko tsayuwa a kan ƙanƙara ban iya ba. Shi ya sa nake zargin kaina. Wani lokacin in ce hankali ne ke sa ni son ya tafi jami'a, wani lokacin in ce tsoro ne kawai irin na uwa, wanda da na bi shi tun farko da yaron bai taɓa barin Edmonton ba, da ba a kira sunansa a Las Vegas ba. A ƙasar nan kuma ɗan shekara sha tara baligi ne a doka, ba ya buƙatar sa hannuna, likita ma ba zai gaya mini komai ba sai da izininsa. Abin da ya rage mini shi ne bakin uwa, kuma ina tsoron in yi amfani da shi a inda bai dace ba, ya bi ni don gudun fushina, sannan ya yi ta kallona da abin har tsufansa in damar ba ta dawo ba.

Anti, ki taimake ni da amsa. Shin in faɗa wa babansa, ko da yaron zai ga na ci amanarsa? In na faɗa, in jira ya dawo gida ne mu zauna mu uku, ko in same shi shi kaɗai tukuna? Ya halatta in yi shiru a sa hannu a takarda alhali ƙungiyar ba ta san halin da kansa ke ciki ba, ko wannan ya zama algus da hannuna a ciki? Na yi tunanin in ce masa ba zan hana shi komai ba, sharaɗina ɗaya ne, mu je wajen likitan ƙwaƙwalwa namu na kanmu kafin 1 ga wata, duk abin da ya ce mu bi. Amma in likitan ya ce a huta wata uku, wa'adin kuma ya wuce, da wane baki zan yi masa magana?

Maigida zai dawo ranar Alhamis. In da hali ki ba ni amsa kafin nan, ko a fili ko ta adireshin da na turo wannan. Don Allah a sakaya sunana, 'yan garinmu da ke nan ba su da yawa, kowa ya san kowa.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Taki,
Maman yara, Edmonton