Wasiƙa daga Agege kan funfunar gindin bishiya

Agege, Legas.

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya sanyin Zariya? Mu nan sai zafi da gumi.

Ka ce ka tona gindin mangwaronka ka ga farin zare-zare cikin ruɓaɓɓen ganye, har kana shirin sayen maganin feshi. Don Allah dakata, kar ka yi asarar kuɗinka. Wannan funfunar ita ke cinye ganyen da ya zuba ta mayar da shi taki. A lambun da nake aiki a Ikorodu, in ka ɗaga ganyen ƙarƙashin gwaiba da damina, ƙasar baƙa ƙirin take, tana ƙamshin laima, zaren ya bi ta ko'ina. Bishiyoyin wurin sun fi na gefen da ake sharewa kullum kyan gani.

Ai funfunar ƙasa iri-iri ce. Akwai wadda ido ba ya gani, mai shiga cikin saiwa, wadda wani Bajamushe, Frank, ya raɗa wa suna maikoraiza a 1885. Ita da bishiya ban gishiri ne in ba ka manda: zarenta ya fi saiwa siranta, yana kutsawa inda saiwa ba ta kaiwa ya jawo ruwa da sinadarin fosfaras, bishiya kuma ta biya ta da sukari. Lemo ya dogara da ita ƙwarai. In ka cika takin zamani mai fosfaras, sai bishiyar ta rage hulɗa da ita, shi ya sa nake ganin buhun NPK ba kullum ne gata ba.

Miyagu ma suna nan. Fusariyam, mai sa ayaba ta yi yaushi, ita ta ƙarar da gonakin ayabar Gros Michel a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950, kuma tana yin shekaru da dama a ƙasa ba ta mutu ba. Saboda haka duba jikin itacen. In ɓawon gindi ya yi laushi, farin ya shiga ƙarƙashinsa, ganye na rawaya, to nan akwai magana. Nemi malamin gona, ga cibiyar binciken noma ta Samaru nan kusa da kai.

In ba haka ba, hana yara share gindin da ƙona ganyen. Zuba kashin shanu da ya ruɓe, amma kar ya taɓa jikin bishiyar.

A gaida Hajiya da yara.

Naka,
amininka na Legas.