Takardar mai unguwa ba ta isa mallakar gida ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in amsa tambayoyin da masu sayen gida da masu sayarwa suka fi yi a nan Gombe. Abin da yake damuna shi ne yawanci sai kuɗi ya bar hannu ake yin su.

Wadda ta fi yawa ita ce: "Na biya, mai unguwa ya sa hannu, shaidu sun sa, me ya rage?" Da sauran aiki. Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna bisa amana. Abin da mutum yake riƙe da shi izinin zama ne da amfani, wanda satifiket ɗin da ake kira C of O yake shaidawa, galibi na shekara 99 ga gidan zama. Sashe na 22 ya hana miƙa wannan izini ga wani, ko jinginar da shi, sai da yardar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce miƙawar da aka yi ba da yardar ba banza ce. A kan haka Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo. Ba na raina takardar mai unguwa. Shaida ce cewa an yi ciniki, an biya, maƙwabta sun sani, kuma wanda ya biya ya shiga gidan yana da haƙƙin da kotu kan kare. Sai dai a ofishin filaye sunan mai sayarwa yana nan daram. Yana iya kai satifiket banki ya ci bashi, ko ya rasu magada su lissafa gidan cikin gado.

Don haka bincike shi ne farko, kafin ko kuɗin kafin alƙalami ya fita. A karɓi kwafin satifiket, a ɗauki lambar fayil, a rubuta neman bincike a GOGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Jihar Gombe, a biya kuɗin a karɓi rasit. Abin da ake dubawa: sunan wa ke kan fayil, girman filin ya yi daidai da abin da aka nuna maka, akwai jingina ko umarnin kotu a kansa, an taɓa soke izinin, kuma bashin harajin fili na shekara nawa ya taru. Tsofaffin gidaje suna buƙatar ƙarin natsuwa, domin sai a 1996 aka cire Gombe daga Jihar Bauchi, takardun da suka girmi wannan shekara suna ɗauke da hatimin Bauchi. Wannan bai ɓata su ba, amma a tabbatar fayil ɗin yana Gombe kuma an shigar da shi cikin kwamfuta. A unguwannin da gari ya faɗaɗa ya cimma, irin su Tumfure da ke ƙasar Akko, ana yawan ganin takardar ƙaramar hukuma. Ƙaramar hukuma ba ta da ikon ba da fili a yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, saboda haka a tambayi matsayin wurin da ranar da aka bayar da takardar.

Idan mai gida ya ce ainihin satifiket ya ɓata, ga hoto, a dakata. Sau da yawa ba ɓata ya yi ba, yana ajiye a banki. Wanda nasa ya ɓata da gaske zai nuna rantsuwar kotu da rahoton 'yan sanda, ya kuma nemi sabon kwafi daga hukuma kafin ciniki.

Takarda ba ta hana zuwa a gani da ido. A ɗauki safiyo mai rajista ya nemo duwatsun iyaka ya gwada da taswira. Fulotin da aka ce hamsin da ɗari ne kan koma hamsin da tamanin idan aka ja tef, ko a tarar katanga ta ci hanya. Wanda ya san Gombe ya san kwari: gidan da yake taku ashirin daga bakin zaizaya bana, bayan damina biyu labari ne daban. A duba ko wayar babban layin lantarki ta bi ta sama, a kuma nemi izinin gini na hukumar tsara birane.

Inda aka fi shiga uku shi ne gidan gado. Babban wa ya fito da satifiket ɗin mahaifinsu ya ce shi ne wakilin gida. Riƙe takarda bai mai da shi mai gida ba. A shari'ar Musulunci sai an biya bashin mamaci, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, sannan kowane magaji yana da rabonsa a cikin gidan: matar da aka bari da tumuninta, 'yar da ke aure a Kumo, ƙanin da ke karatu a Zariya, har jaririn da ke goye. Mai saye ya nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, ya ga sunayen magada duka, kowane baligi ya sa hannu da kansa ko ta wakili mai rubutaccen izini. Rabon maraya kuwa sai da waliyyinsa, kuma mafi tsira kotu ta amince. Akwai kuma shuf'a. A mazhabar Malikiyya, idan magaji ɗaya ya sayar wa bare rabonsa kafin a raba, sauran suna da ikon mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓe, kuma wanda yake gari ya sani yana da har shekara guda. Kada kuma a ruɗu da "shekara ashirin ina zaune ciki". Hauzi, wato samun haƙƙi a kan wuri saboda daɗewar riƙe shi mai shi yana gani bai yi magana ba, tsakanin bare shekara 10 ne, tsakanin dangi kuwa kotuna sukan nemi 40.

Wasu dillalai kan ce a bar wahalar neman yardar gwamna, a yi takardar wakilci kawai. Takardar wakilci izini ce ka yi aiki a madadin mai gida, ba ta mayar da gidan naka. Abin da yake miƙa mallaka shi ne takardar da lauya yake rubutawa, mai ɗauke da cikakkun sunaye, tarihin yadda gidan ya zo hannun mai sayarwa, lambar satifiket, taswira, ainihin farashi, sa hannun ɓangarorin biyu da shaidu, da hatimin lauyan. Na ce ainihin farashi da gangan. Ana rage shi a takarda don a rage haraji, ranar da ciniki ya warware kuma abin da aka rubuta shi mai saye zai iya nema cikin sauƙi. Lauyan ya zama naka, ba na mai sayarwa ba.

A biya ta banki, zuwa asusun mai gida, ba na dillali ba, a rubuta dalilin biyan. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5, kamfani miliyan 10, sai ta banki. Kuɗin kafin alƙalami kuwa a rubuta sharaɗinsa: idan bincike ya nuna matsala, a mayar da shi cikakke cikin kwana kaza. La'ada ma a tsayar da ita tun farko, nawa ne, wa zai biya, domin dillalai uku kan bayyana ranar biya.

Bayan biya, mai sayarwa ne yake sa hannu a takardar neman yardar gwamna, shi ya sa ya kamata a karɓi sa hannunsa da hotunansa a zaman da aka biya, ko a riƙe wani kaso har sai ya yi. Daga nan hukuma ta kimanta gidan, a biya kuɗin yarda, harajin hatimi da na rajista, sannan a shigar da sunan mai saye. Kwanan watan rajista shi yake raba gardama idan an sayar wa mutum biyu.

Idan da ɗan haya a ciki, ciniki bai kore shi ba. In babu wata yarjejeniya, mai biyan shekara yana da notis na wata shida, mai biyan wata yana da wata guda, bayansa notis na kwana bakwai, sannan kotu. A tambayi ranar da hayarsa za ta ƙare da wanda ya karɓi kuɗin, a kuma duba bashin lantarki da na ruwa a cire daga farashi kafin a karɓi makulli.

Wassalam.

Wani lauya mai aikin filaye da gidaje,
Gombe.