A Sake Duba Tsarin Sallamar 'Yan Wasan NFL

Ya Edita,

Na karanta rahotonku kan yadda ƙungiyoyin NFL, babbar gasar ƙwallon ƙafa salon Amurka, ke zabge 'yan wasa gab da fara kaka, kuma abin ya tsaya mini a rai. Tun 2023, kowace ƙungiya kan rage 'yan wasanta daga 90 zuwa 53 a wa'adi guda, wato sama da mutum 1,000 a faɗin gasar ke rasa gurbi lokaci ɗaya.

Matashin da ya sha zafin atisaye tun watan Yuli, ya tattara kayansa a jaka ya faɗa kasuwar da ta cika maƙil, da wuya wani koci ya lura da shi. Ina kira ga hukumar gasar ta dawo da sallama kashi-kashi, domin wanda aka fara saki ya samu sararin gwada sa'arsa a wata ƙungiyar.

Naku,
Mai karatu